Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Tseren Babura ta Duniya, FIM

Ya ku shugabanni,

A Yulin 2020 ɗan tseren babur Marc Márquez ya karye a damtsen dama a tseren Jerez, ƙasar Sifaniya. Kwana huɗu bayan tiyata ya koma kan babur da izinin likitocin gasar. Hannun ya gaza, kakar ta wuce shi, sai da aka yi masa tiyata huɗu. Wasu za su ce ai jikinsa ne, shi ya zaɓa. To, mai neman kambu ga kwantiragi a wuya ba ya iya yi wa kansa alƙalanci. Kuma hannun dama ke matsa birkin gaba. In ya saki a kwana, har na bayansa sun shiga haɗari. Don Allah ku kafa hutun dole bayan tiyata, doka ɗaya ga zakara da sabon shiga. Lafiyar matuƙi ta fi maki.

Wassalam.