Sabuwar Riga Ga Kujerun Tsohuwar Mota

Jama'a, masu tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, sun fara kwance kujeru a gida suna ɗinka musu riga da yadi mai zane. Mu dai muna bayansu. Wanda ya taɓa zama kan kujerar leda da tsakar rana cikin bazara ya san dalili. Abin kuwa ba baƙo ba ne, gama Volkswagen da kansa ya fito da Golf GTI a 1976 da kujerun yadi mai gida-gida.

Amma fa a bar atamfa. Kyau gare ta, sai dai ba ta jimre zama. Rana ta koɗar da ita, ɗinki ya yage, albashin malami ya tafi a banza. A nemi yadi mai kauri. A farke tsohuwar rigar a hankali, kada a yar, ita ce ma'aunin yanka. A duba soso tun kafin ɗinki. Sa'an nan a sayi yadi da rara, don zanen majingina ya haɗu da na mazauni, in ba haka ba kujera ta fito kamar a karkace.