Finafinan Larabci uku da ya kamata mu nema

'Yan uwa, yaranmu na karanta Larabci a Islamiyya, amma da wuya su ji ana hira da shi. Shawarata, mu ɗan rage fim ɗin Indiya mu gwada waɗannan.

Wadjda, na Saudiyya, 2012: yarinya ta shiga musabaƙar Alƙur'ani don ta samu kuɗin sayen keke.

Theeb, na Jodan, 2014: yaro ɗan makiyaya ya tsinci kansa shi kaɗai cikin hamada, zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Capernaum, na Labanon, 2018: yaro ya maka iyayensa a kotu saboda sun haife shi sun watsar. Wannan namu ne, iyaye.

Larabcinsu na titi ne, ba na littafi ba, amma kunne zai saba. Mu fara kallo kafin mu kunna wa yara.