Haddace Lamba Daban, Sanin Lissafi Daban

Sau da yawa akan ga uba ya kira ɗansa mai shekara huɗu a gaban baƙi, ya ce ya ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari da Turanci. Yaro ya rattabo, a yi ta sa masa albarka, uba kuwa ya tabbata kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. To, amma da za a zube wa yaron nan ƙwallon dabino a ce ya ɗebo bakwai, a nan ne za a gane ashe waƙa ya haddace.

Jean Piaget, masanin nan na ƙasar Suwizalan wanda ya rasu a 1980, ya nuna haka da wani gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a gida. A jera duwatsu layi biyu, shida-shida, yaro ya yarda daidai suke. Sai a warwatsa layi ɗaya ya ƙara tsawo. Yawancin yaran da ba su kai shekara shida ba sai su ce dogon layin ya fi yawa, alhali kuwa a gabansu aka yi, ba a ƙara ko ɗaya ba.

Tun kafin wannan, wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe makarantarta ta farko a 1907 a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum, inda ta sa yara koyo da hannunsu. Daga cikin kayan koyarwarta akwai akwati mai ɗaki goma, an rubuta 0 zuwa 9, tare da 'yan sanduna 45. Yaro zai sa ɗaya a ɗakin 1, biyu a ɗakin 2, har zuwa tara. Idan ya gama ya ga saura a hannunsa, ko kuwa sanduna sun ƙare masa, ya san ya yi kuskure ba tare da malama ta ce uffan ba. Ɗakin sifiri kuwa haka ake barinsa wayam, watau yaro ya ga ma'anar babu da idonsa. Wannan dabara ce babba, kuma abin lura shi ne kwali da karan dawa sun isa a yi ta.

Haka sha'anin kimiyya yake. Daro guda na ruwa, da dutse, da ɓawon gyaɗa, da ƙusa, da ɗan ƙoƙo: a tambayi yaro wanne zai nutse kafin ya jefa. In ya faɗi ba daidai ba, kada a yi saurin gyara masa, ruwan ne zai ba shi amsa. A ba shi gwangwanin madara ya gano nawa ke cika kwano. A shuka wake a gwangwani biyu, a hana wa ɗaya ruwa.

Manufar Ilmi ta Ƙasa wadda Nijeriya ta fitar a 1977 ta tanadi cewa a koya wa ƙananan yara lambobi da launuka da siffofi ta hanyar wasa, kuma da harshen uwa ko na yankin da suke. Amma malamar da ta bi wannan tanadi takan gamu da fushin iyaye, don yaro ya komo gida da jiƙaƙƙiyar riga, littafinsa kuma babu rubutu. Mai makaranta, da yake ba ya son a janye masa yara, sai ya ce a kwashe daro a koma ga allo.