Gidan Matasa a Matameye: Mu Fara da Aljihunmu

A ƙarshen watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamada, arewa da Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Yara 52 ne a cikinsu, mata 33, kuma galibi daga ƙasar Kance suka fito, gundumar da Matameye ke zaman babban garinta. An yi makoki na kwana uku a faɗin ƙasa. A 2015 aka kafa dokar hana safarar mutane ta hamada, a Nuwamban 2023 aka soke ta. Sa'o'in yaran nan da suka mutu yau samari ne da ƴan mata. A ina suke yini?

Kowa ya san amsar. Suna fada suna dafa shayi, suna tasha suna jiran fasinja a kan kabu-kabu, ko suna lissafin kuɗin motar Agadas. Gona ta yi kaɗan, domin Kance na cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Nijar, da mutum kusan dubu 400 a ƙidayar 2012. Gadon da uba ya ci shi kaɗai yanzu ƴaƴa takwas ke rabawa. Rake da lambu suna rufa asiri, amma ba kowa ke da fadama ba. Sayar da fetur a kwalba ya riƙe gidaje da yawa, sai Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023, bayan wata biyu kuma takunkumin CEDEAO ya rufe iyaka, hanyar Ɗan Barto zuwa Daura da Kano ta yi tsit na watanni. Mun ga abin da zaman banza ya haifa a Damagaram, inda wasu fadoji suka rikiɗe suka zama gungun ƴan daba da ake kira fale. Wanda ya kalli fim ɗin da Aisha Macky ta yi a 2021 kan unguwar Kara-Kara ya san ba labarin wata duniya ba ne.

Shi ya sa muke ganin Matameye na bukatar gidan matasa mai rai, kuma mutanen gari ne ya kamata su fara zuba kuɗinsa. Ba baƙon abu ba ne. Ƙungiyar matasa ta Samariya ta share tituna, ta yi gayya, tun kafin Seyni Kunce ya ɗauke ta ya mai da ita ginshiƙin mulkinsa bayan 1974. Nan ne ma rauninta ya fito: da ta zama ƴar gwamnati, sai ta dusashe tare da gwamnatin da ta goya ta. Haka furoje yake. Ya zo da farar mota da allo a bakin hanya, ya yi shekara uku, ya naɗe tabarmarsa, kekunan ɗinki su yi tsatsa a ɗakin da aka rasa mai makullinsa. Ba mu ƙi taimakon ƙungiyoyi ba. Su zo su tarar da mu mun aza harsashi.

Za a ce talauci. To, mu yi lissafi. Idan gida dubu goma suka riƙa ba da dala ashirin a wata, miliyan ɗaya ke nan ta sefa, miliyan 12 a shekara. Matan karkara sun riga maza gane wannan. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 da ƴan kuɗin mako-mako ya tashi, a cikin akwati mai kwaɗo, ga shi ya bazu har ƙasashen waje. A ƙara da ƴan kasuwar rake, da ƴan asalin gari da ke Kano da Damagaram da Yamai, da magina da za su ba da kwana guda na gayya. Batun zakka a bar wa malamai, tunda tana da mutanen da aka ware mata. Amma fili ko shago da mai hali zai bayar wakafi, kuɗin hayarsa ya riƙa shiga asusun gidan matasan, wannan ƙofa ce a buɗe.

Abin da ke kashe irin wannan asusu ba rowa ba ce, zargi ne. Mutum ya ba da jaka biyar, bai sake jin ɗuriyarta ba, gobe ko dala ba zai bayar ba, kuma da gaskiyarsa. Don haka kowane wata a liƙa lissafi a ƙofar gidan, a karanta shi a rediyo da Hausa. Kada a fitar da kuɗi sai mutum uku sun sa hannu, cikinsu da mace da matashi. Sarauta da hukumar gari su yi iyayen gida, kada su riƙe jaka.

A kuma guji cinye kuɗin duka a bulo da fenti. Rumfar kwano da malamin walda da ake biya kan kari ta fi katafaren zaure da ba kowa. A ware kason albashin masu koyarwa, da fanon hasken rana, da gyaran kayan aiki, tun kafin a sayi buhun siminti na farko. A koyar da abin da kasuwar Matameye ke saye: gyaran babur da salula da injin ban ruwa, ɗinki, da karatu da lissafi ga wanda ya bar lakwal. A ba ƴan mata lokacinsu da malamarsu, in ba haka ba iyaye ba za su sake su ba, alhali su da ƙannensu ake kwasa zuwa bara a Tamanraset ta Aljeriya.

Lokacin karɓa shi ne kaka, sa'ad da gero ke rumbu, kafin ƴan cirani su ɗaure kaya. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo dami, kwamiti ya adana, ya sayar idan farashi ya tashi da bazara.