FILIN MATA: Aikin Mai Awon Ji, A Asibiti Da A Gida

 

In kin tambayi 'yan matanmu na makaranta aikin da su ke so su yi in sun gama karatu, amsa ba ta wuce koyarwa, ko aikin nas, ko ungozoma, wata kuma ta ce likita. Duka ayyuka ne na kirki. Amma akwai wani aikin asibiti wanda da yawanmu ba mu taɓa jin labarinsa ba, ga shi kuwa muna bukatarsa ƙwarai. Shi ne aikin mai awon ji, watau wadda ta koyi auna jin mutum, ta gane ko ya ragu, da yawan raguwar, da abin da za a yi masa. Yau ina so mu bi irin wannan ma'aikaciya daga safe har dare, mu ga yadda ta ke yi a wurin aiki da cikin gidanta, don uwa ta san inda za ta kai ɗanta, 'yar makaranta kuma ta san akwai wata ƙofa a buɗe.

Da fari ku sani ita ba likita ba ce. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro shi ke rubuta magani, shi ke yin tiyata. Ita kuwa awo ne nata, da daidaita na'urar taimakon ji, da koya wa iyali yadda za su zauna da wanda ba ya ji sosai. Tare su ke aiki, kowa da nasa fanni.

Kafin ku gane aikinta sai kun san yadda kunne ya ke. Kashi 3 ne. Akwai na waje, wanda mu ke gani, da raminsa da ya tafi har ga dodon kunne. Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai ƙananan ƙasusuwa 3, su ne mafi ƙanƙanta cikin jikin ɗan Adam. Can ciki kuma akwai wani abu a naɗe kamar katantanwa, cikinsa da ruwa da wasu ƙananan gasu wajen 16,000. Sauti ya kan kaɗa dodon kunne, ƙasusuwan su miƙa kaɗawar ciki, gasun nan su aika wa ƙwaƙwalwa. Ciwon da ya tsaya waje ko tsakiya sau da yawa ya kan warke da magani ko tiyata. Amma gasun nan na ciki in sun mutu ba su sake tsirowa. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai awon ji ta ke yawan faɗa a kan rigakafi.

A ASIBITI

Da asuba ta ke tashi kamar kowace matar aure. Ta yi salla, ta dama koko, ta shirya yara, ta ga maigida ya karya, kana ta fita. Kafin ƙarfe 8 ta isa, ta tarar mutane sun cika benci, wasu tun daga ƙauye su ka kwano hanya.

Abu na fari, ta kan leƙa kunnen mutum da wata 'yar fitila mai gilashi. Sau da yawa a nan maganar ta ke ƙarewa: dauɗar kunne ce ta taru ta toshe, ko yaro ya cusa ƙwayar wake ko dutsen ado. Sai a aika da shi wurin da za a cire. In rami a buɗe ya ke, sai ta shigar da shi wani ɗaki mai kaurin bango wanda ƙarar waje ba ta shiga, ta sa masa abin sauraro a kunnuwa, ta riƙa sako masa sauti iri iri, mai kauri da siriri, mai ƙarfi da marar ƙarfi. Duk sa'ad da ya ji sai ya ɗaga hannu, ita kuwa tana sa alama a takarda, kunnen dama dabam, na hagu dabam. Takardar nan ita ce za ta nuna wa likita ko ciwon na tsakiya ne ko na ciki.

Yaro ƙarami ba ya ɗaga hannu don an ce ya ɗaga, sai da dabara. Ta kan mai da abin wasa, ta ce in ya ji ƙara ya jefa dutse cikin kwano. Jariri kuwa ba a bukatar ya yi kome. Akwai na'urar da a ke sa masa a kunne yana barci, cikin 'yan mintoci kaɗan ta nuna ko kunnen ciki yana aiki, ba zafi, ba allura. Ƙa'idar da masana su ke bi ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata 1, in an ga alama a tabbatar kafin wata 3, a soma taimakonsa kafin wata 6.

In awo ya nuna na'urar taimakon ji za ta yi amfani, sai ta ɗauki siffar kunnen mutum da wani abu mai laushi kamar ƙullu, a yi masa abin toshewa daidai da kunnensa, ta daidaita ƙarfin na'urar da kwamfuta gwargwadon takardarsa. Shi ya sa ba a sayen na'urar a kasuwa kamar tocilan, ba a kuma aron ta wani, zama wadda ta yi wa Audu daidai tana iya ɓata wa Tanko sauran jin da ya rage masa. Sa'an nan ta zauna ta koya wa iyali canjin batir, da goge na'urar, da ajiye ta inda ba laima ba ƙura, da cire ta kafin wanka ko alwala.

Wanda ya fi kowane wuya cikin aikin nan shi ne zaman da ta ke yi da uwa. Za a kawo yaro ɗan shekara 4 ko 5 bai taɓa cewa "Inna" ba. An yi ta ce wa uwar ta yi haƙuri, ai ubansa ma bai yi magana da wuri ba. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce sammu. An kashe kuɗi wajen neman magani, ba wanda ya yi tunanin kunne. To, yaro da kunne ya ke koyon magana, shekaru 3 na fari kuwa su ne lokacin da harshe ya fi saurin shiga. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Sai mai awon ji ta faɗi gaskiya cikin taushin murya, ta kuma kwantar wa uwa da hankali cewa ba laifinta ba ne. Fiye da 9 cikin 10 na yaran da a ke haifa kurame iyayensu masu ji ne. Ta nuna mata hanyoyin da su ka rage: na'ura, ko tiyatar dashen na'ura cikin kunne ga wanda ta dace da shi kuma a ke da hali, da maganar hannu, da makaranta. Kurma ba wawa ba ne. A Kano akwai makarantar Tudun Maliki da ke koyar da kurame, kuma kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannunsu cikakkiya wadda su ke hira da ciniki da ita.

Mu da mu ka yi kwalejin horon malamai an koya mana mu lura da yaron da kullum ya ke kallon bakin malama, ko ya ke karkato kunne guda, ko ya ke amsa abin da ba shi a ka tambaya ba. Yara da yawa sun sha bulala, an kira su daƙiƙai, alhali kunne ne. Malama, kafin ki ɗaga bulala, ki dawo da yaron layin gaba, ki aika a kira uwarsa.

Kada ku zaci abin kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2021 mutum miliyan 430 ke da raunin ji wanda ke bukatar taimako, miliyan 34 cikinsu yara ne, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana ta. A 2024 ta ce fiye da kashi 3 cikin 4 na ƙasashen Afirka ba su da ko mai awon ji 1 ga mutum miliyan 1. Kun ga dalilin cikar benci.

A GIDA

Wani alherin aikin nan ga matar aure shi ne yawancinsa da rana a ke yi, ba kamar na nas ko ungozoma ba da su ke kwana asibiti. Da la'asar ta dawo, ta ɗora tukunya, ta duba littattafan yara. Amma aikin ya kan biyo ta har tsakar gida, don maƙwabta sun san ta. Wannan ta shigo da goyo kunnensa yana zubar da ruwa, waccan ta ce ƙwaro ya shiga kunnen ɗiyarta. Ita kuwa ba ta ɗiga kome, sai ta ce gobe a kai asibiti. Kunnen da ke zubar da mugunya sau da yawa dodonsa ya huje, in an zuba masa manja ko ruwan ganye ko toka, ciki su ke wucewa su ƙara ɓarna.

In kin shiga gidanta za ki ga wasu abubuwa dabam da namu. Ba a sosa kunne da tsinken ashana, ko gashin kaza, ko tsinken auduga, don tura dauɗar su ke yi ciki, wani lokaci su tsokane dodon kunne. Dauɗar nan tsaro ce Allah ya yi wa kunne, da kanta ta ke fitowa, sai a goge baki baki da tsumma mai tsabta. Ba a marin yaro a kunne. Janareta yana can nesa da ɗakin kwana. In an je biki, ba ta zama da jariri gaban lasifika. 'Yan matanta in sun sa abin sauraron waya, wanda su ke kira iyafis, ba su ƙure ƙara, kuma suna hutawa. Ana auna ƙarfin sauti da desibel: hira wajen 60 ce, 80 kunne ya kan jure ta awa 40 a mako, amma in ta kai 90 awa 4 kaɗai ya ke jurewa. Ga awo mai sauƙi: in sai kin ɗaga murya kafin wadda ke tsaye gabanki ta ji ki, to ƙarar wurin tana cin kunne. Masu injin niƙa da yaran da mu ke aika kai markaɗe su ji wannan.

Dubi kuma yadda ta ke magana da surukarta wadda tsufa ya rage wa ji. Ba ta yi mata ihu daga madafa. Ta kan zo gabanta inda haske ya ke, ta rage rediyo, ta ce "Inna" har ta dubo, sa'an nan ta yi magana a hankali. Tsohuwar da a ka daina hira da ita don ba ta ji, kaɗaici ke cin ta, ga ta cikin jama'a.

Katin rigakafin 'ya'yanta kuwa cike ya ke. Ta san ƙyanda da hangum da sanƙarau suna kurumtar da yaro. Manyanmu ba su manta sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, cikin waɗanda su ka tashi wasu ba su sake ji ba. A 2024 Nijeriya ce ƙasa ta fari a duniya da ta soma ba da sabuwar allurar da ke kare iri 5 na ƙwayar cutar. Haka nan shawara mai tsanani ga jariri tana taɓa ji, saboda haka in idonsa ya yi ɗorawa a kai shi asibiti ran nan. Wasu allurai kuma, irin su jentamaisin, suna lalata kunnen ciki in an yi su barkatai, kada a yarda a yi wa yaro sai da umurnin likita.

GA 'YAN MAKARANTA

Ke ɗiyata da ke sakandare, in aikin nan ya ba ki sha'awa, ki riƙe darussan kimiyya da lissafi da Turanci da kyau. Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyar da wannan fanni. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda a ka kafa a 1999, inda a ke duba marasa lafiya, a ke kuma horad da nas a fannin kunne da hanci da maƙogwaro. Aikin yana son haƙuri, da sanyin hali, da son yara. Muna bukatar mata masu jin Hausa cikinsa, don uwa ta fi sakin jiki da mace 'yar'uwarta, ta faɗa mata abin da ba za ta iya faɗa wa namiji ba, cikin harshen da ta ke ji. Iyaye maza da mazaje, ina roƙonku ku ba su dama.

Ku kuma iyaye mata, ga abin da za ku duba tun yau. Jariri sabon haihuwa ya kan firgita in an buga ƙofa da ƙarfi. Wajen wata 6 ya kan juyo in an yi magana a gefensa. In ya shekara ya kan san sunansa, ya soma "baba" da "dada". In ya shekara 2 ya kan haɗa kalma 2. In ɗanki bai yi haka ba, ko an ga ya canja bayan zazzaɓi mai zafi, kada ki jira a yaye shi, kada ki jira ya shiga makaranta. Ki shawarci maigida, ku je babban asibiti ku ce a gwada jinsa. In lafiya ya ke, kun sami kwanciyar rai. In ba lafiya ba, kun zo da wuri.

Ran 3 ga Maris na kowace shekara ita ce ranar kula da ji ta duniya. Shugabannin ƙungiyoyin mata da malaman makarantun matan aure, ku gayyato irin wannan ma'aikaciya ta yi muku bayani. Wadda ta karanta wannan kuma ta karanta wa maƙwabciyarta. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.