WA YA KASHE APAPA? AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Shekara da shekaru ke nan waɗansu manyan mutane na birnin Ikko suna zaman makokin unguwar Apapa. In ka zauna da su sai su yi ta kwararo maka labarin zamanin da titin Wharf da na Creek da na Warehouse ke ƙyalli da fitilu har asuba, ga gidajen cin abinci na Kwarori 'yan Lebanon da na Indiyawa da na Sinawa, ga mashaya da kulob-kulob inda Turawan kamfanoni da matuƙan jiragen ruwa ke hutawa bayan an tashi daga aiki. Yau yawancin waɗannan wurare sun rufe, masu su sun kwashe ya-nasu-ya-nasu sun koma Victoria Island da Ikoyi da Lekki. Da ka tambayi masu makokin wa ya yi wannan aika-aika, amsarsu ɗaya ce, wai direbobin tanka da tirela ne, kuma ba su rufe baki sai sun ƙara da cewa ai galibinsu 'yan Arewa ne. Wannan zance ya daɗe yana yawo ba wanda ya taka masa burki, har ya fara kama da gaskiya. Lokaci ya yi da za a warware shi zare da abawa.

Tun da farko bari mu share wata ƙura. Mun san cikin masu karatu akwai waɗanda za su ce, to, in gidan giya ya rufe mene ne abin kuka, Allah raka taki gona. Haƙiƙa ba kwalba muke wa ta'aziyya ba, ba kuwa ƙaunar zamanin da baƙar fata ke shiga irin waɗannan wurare ta ƙofar baya muke yi ba. Amma mai hankali ya san kowane gidan abinci guda da ya rufe, akwai kuku da boyi da mai wanki da guga da maigadi da suka rasa abin yi. Akwai mai tsire da ke kafa tukubarsa a bakin ƙofa, da ɗan canji, da direban tasi, da ɗan koli mai tallar jakunkunan fata da kayan sassaƙa ga baƙi, da masu kawo tumatir da albasa da nama kowace safiya. Bature ya naɗe jarinsa ya ƙaura, inda ya sauka kuwa ciniki na jiransa. Talakan da ke kwana a Ajegunle, yana ƙetaro ruwa da sassafe don ya yi masa hidima, shi aka bari da hamma. Saboda wannan talaka muke magana.

Apapa dai tashar jiragen ruwa ce ta haife ta, jirgin ƙasa kuma ya yi renonta. Hanyar dogo daga Ikko ta isa Kano a 1912, a 1926 kuma aka kammala kwatar Apapa ta farko. Gyaɗar Kano da audugar Funtuwa da fatu da ƙiraga da kuzar Jos duk a taragu suke gangarowa har bakin jirgin ruwa. Kamfanonin ciniki da na sufuri suka kafa ofisoshi da ɗakunan ajiya, aka yanka wa ma'aikatansu unguwa ta musamman mai itatuwa da filaye. Jirgin ruwa a wancan zamani yakan yi kwana da kwanaki ana sauke masa kaya buhu-buhu, matuƙansa kuwa su sauko gari da kuɗi a aljihu. Waɗannan su ne masu cinikin da suka raya mashaya da gidajen abinci na Apapa. Watau dai arzikin manomin Arewa na cikin tushen ginin da ake wa kuka yau, amma ba ka taɓa jin masu makokin sun ambaci wannan ba.

Kafin tanka ta farko ta kwana a kan gadar Ijora, unguwar ta riga ta soma ramewa. Jirgin fasinja mai suna Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ke zirga-zirga tsakanin Ingila da Ikko, ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a 1974. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun rage yawan baƙin da ke riƙe da harkar ciniki. Darajar naira ta karye daga 1986. Gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, an rushe shi a 1995 bayan bashi ya cinye shi. Daɗin daɗawa, da kwantena ta zo, jirgi ya daina daɗewa a kwata yadda ya saba, matuƙa kuma suka rage saukowa gari. Muna tambaya, a cikin duk waɗannan abubuwa wanne ne direba ya sa wa hannu?

To, mu zo ga cunkoson motoci, wanda shi ne ya ƙarasa marar lafiya. Ba mu musun cewa an yi shekaru manyan motoci na jere tun daga ƙofar tasha har saman gadoji, mutum ya fita daga gida da safe bai isa ofis ba sai azahar. Ba mai cin abincin da zai yi awa huɗu a hanya don ya ɗanɗani girkin Sinawa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Me ya tara dubban motoci a unguwa guda?

Abu na farko, mutuwar reluwe. A 1964 Hukumar Jiragen Ƙasa ta ɗauki kaya kusan tan miliyan 3. Ya zuwa farkon shekarun 2000, abin da take ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Kayan kuwa ba su ragu ba, ƙaruwa suka yi ninkin-ba-ninkin. Duk kwantenar da ta kamata ta hau tarago ta nufi Kaduna ko Kano sai ta koma bayan tirela. Jirgin ƙasa guda mai taragu 30 yana ɗauke aikin tirela 30, da direba 30, da yaran mota, da wurin da za su tsaya. Waɗanda suka bar dogo ya yi tsatsa, ciyawa ta rufe shi, 'yan kasuwa suka baza kolinsu a kansa, a ofis suke zaune cikin sanyi, ba a bayan sitiyari ba.

Abu na biyu, mutuwar matatun mai da bututunsu. Ƙasar nan ta gina matatu huɗu, biyu a Fatakwal a 1965 da 1989, ta Warri a 1978, ta Kaduna a 1980, waɗanda a takarda suna iya tace ganga 445,000 kowace rana. Aka shimfiɗa bututu daga Kaduna zuwa daffo-daffo na Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri, wani kuma daga Atlas Cove a bakin teku zuwa Mosimi da Ejigbo da Ibadan da Ilori. Manufar ita ce direban Kano ya yi lodi a Kano, na Gusau ya yi a Gusau. Da aka bar matatun suka durƙushe, ɓarayi kuma suka mai da bututun kamar rariya, sai ƙasa mai arzikin mai ta koma sayo fetur daga waje. Mahukunta suka yi ta ba 'yan kasuwa lasisin kafa rumbunan ajiyar mai gommai a gefen ruwan Apapa da Ibafon, cikin unguwar da mutane ke zaune, ba tare da an tilasta musu tanadin isasshen filin tsayawar motoci ba. Daga nan ya zama wajibi mutum ya tuƙo tanka tafiyar kilomita fiye da 1,000 don ya ɗebi lita 33,000 ya koma. Wane mahaukaci ne zai zaɓi wannan wahala da kansa, alhali akwai daffo a bayan gidansa?

Abu na uku, a 2006 gwamnati ta ba kamfanoni jinginar sassan tashar. Filayen da motoci suka saba jira a ciki suka shiga hannun masu jingina, aka turo motocin waje, ba a kuwa gina musu wani masauki ba. Kamfanonin jiragen ruwa kuma suna karɓar kuɗin ajiya a kan kowace kwantena, in ba a mayar da ita fanko cikin wa'adi ba a yi ta zaftare kuɗin. Saboda haka kowa ya ɗoro fankon kwantena ya nufo ƙofa guda a lokaci guda. Titin kansa, wanda aka gina a shekarun 1970, an bar shi ya zama ramuka masu kayar da mota. Abin takaici ma shi ne an taɓa yi mana gargaɗi. A 1975, sa'ad da aka yi odar siminti kusan tan miliyan 20, jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin Ikko wata da watanni. Maganin da aka yi shi ne gina tashar Tin Can a 1977, a maƙwabtan Apapa, aka ɗora wa hanyoyin unguwar kaya a kan kaya.

Masu zagin direba daga cikin mota mai sanyi, ko sun taɓa tambayar yadda yake kwana? Mutumin nan yakan yi mako biyu ko fiye a kan layi, barcinsa a ƙarƙashin mota, ga sauro, ga ruwan sama, ba makewayi, ba wurin wanka, ga 'yan iskan gari masu karɓar kuɗin ƙasa, ga masu kaki a kowane shinge suna miƙo hannu. Wanda ya biya ya wuce gaba, wanda ya ƙi ya ruɓe a layi. Mai mota na can yana ƙirga kwanaki yana zarginsa da ha'inci, iyalinsa na can suna jiran kuɗin cefane. Cunkoson da ya kori mai gidan abinci ya zama saniyar tatsa ga waɗansu, shi ya sa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ba mu ce direbobi mala'iku ne ba. Akwai masu ganganci a cikinsu, akwai masu ajiye mota inda suka ga dama, akwai masu ɗaukar kwantena ba su ɗaure ba, kuma wajibi ne ƙungiyoyinsu su hore su. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga hujjar da ta fi kowace ƙarfi. A watan Mayu na 2019 fadar Shugaban Ƙasa ta ba da wa'adin awa 72 a kwashe motoci daga hanyoyin Apapa, aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo. An kore su, ba da jimawa ba suka dawo, domin kora ba ta rage kayan da ke jiran ɗauka. Amma da aka sake gina titin Wharf daga 2017, aka soma zuba kankare a babbar hanyar Apapa zuwa Oshodi daga 2018, aka fito da tsarin Eto a watan Fabrairu na 2021 wanda ke hana mota tasowa sai an kira ta, sabon jirgin ƙasa kuma ya fara jan kwantena daga tashar zuwa Ibadan a 2023, sai cunkoson ya ragu ƙwarai. Direbobin nan dai su ne, ba a canza musu hali ko ƙabila ba. Tsari aka gyara, hanya ta buɗe. Da halin direba ne ciwon, da wannan magani bai yi aiki ba.

Sai dai an yi gyaran bayan mai gidan abinci ya riga ya sayar da kujerunsa. Kuma abin da ke ba mu tsoro shi ne, ga alama ba a koyi darasi ba. An buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki a watan Janairu na 2023, matatar Ɗangote da ke kusa da ita ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024, amma an buɗe su ba tare da hanyar dogo ta isa wurin ba. Kaya da mai duk a kan taya za su fito. Yankin nan kuwa shi ne inda gidajen abinci da wuraren shaƙatawa da suka gudo daga Apapa suka sami mafaka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. In aka yi sake, nan da 'yan shekaru za mu ji sabon makoki, a kuma sake nuna direba da yatsa.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin tarayya da ta Jihar Legas da Hukumar Tasoshin Jiragen Ruwa da babbar murya. A ja sabon dogon da ya tsaya a Ibadan har ya haɗu da na Kaduna da Kano, domin tasoshin tudu da aka buɗe a Kaduna a 2018 da Dala ta Kano a 2023 su yi aikin da aka gina su dominsa. A kai dogo Lekki tun kafin hanya ta toshe. A gyara bututun mai a tsare shi, a raya daffo-daffo na Arewa. Kada a ƙara ba kowa lasisin rumbun mai a cikin unguwar jama'a. A gina wa direbobi masaukai masu ruwa da makewayi da tsaro, a kuma hukunta duk mai kakin da aka kama yana karɓar na goro a shinge, kome girman igiyarsa.

Su kuwa masu makoki, muna ba su shawara su share hawaye su duba da kyau. Waɗanda suka kashe reluwe, suka bar matatu suka mutu, suka sa hannu a takardun lasisi, da yawansu abokan zamansu ne a teburin kulob ɗin da suke begen nan. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. In ana neman wanda ya kashe Apapa, a fara bincike daga ofis kafin a sauko tashar mota.