Ba Ta Samu Likitanci Ba, Sai Me?

Ranar Juma'a na leƙa gida Kausani, na tarar da yayata ta zabga tagumi. 'Yarta ta nemi likitanci, sai aka ba ta Bayoloji a Jami'ar Aliko Dangote da ke nan Wudil. Ta ce, "Ƙarshenta dai alli za ta riƙe." Na ce, "Yaya, riƙe alli ba abin kunya ba ne, kuma ba nan hanyar ta tsaya ba."

A ɗakin yara inda nake aiki, da wuya mako ya wuce ba mu kwana da mai sikila ba. Iyakarmu ƙarin ruwa, allurar rage raɗaɗi, wani lokaci ƙarin jini. Tushen ciwon kuwa harafi ɗaya ne tak da ya sauya a ƙwayar gadon da ke tsara sinadarin jan jini. Wanda ya gano inda sinadarin ya bambanta a 1956, Vernon Ingram, ba likita ba ne, mai bincike ne a Ingila. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin gadon majinyaci, amma kuɗinsa dala miliyan 2.2. Mu da muka fi kowace ƙasa yawan masu sikila, wa zai nemo mana wanda aljihunmu zai ɗauka, in ba 'ya'yanmu ba?

Wannan aikin masu digirin digirgir ne a ilimin ƙwayoyin gado, kuma ba sai an haye teku ba. A Jami'ar Ahmadu Bello marigayi Farfesa Andrew Nok ya yi bincikensa kan ƙwayar cutar sammore har ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2009. A can Zariya akwai cibiyar ACENTDFB, a Jami'ar Ghana akwai WACCBIP, duka suna ɗaukar ɗaliban digiri na biyu da na uku. Mai son fita waje kuma ta sa ido kan tallafin DAAD na Jamus da na Commonwealth na Ingila. Na TETFund sai wadda ke koyarwa a manyan makarantun gwamnati.

Abin da na fi jaddada wa Yaya shi ne sakamako. Masu ba da tallafi sun fi duba daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, kuma tun ajin farko ake tara ta. Yarinyar da aka tura makaranta da fuskar jaje, a nan take zubar da makinta.

Yaya ta ce, "To auren fa?" Gaskiyarta, digirin digirgir kaɗai shekara uku zuwa huɗu ne. Na ce in manemi ya fito, a yi maganar karatun a gaban waliyyai, a ranar da za a yi ta gwajin jini. Ba ta ce komai ba, amma ta tashi ta ɗauko takardar rajistar ta miƙo mini.